Hannun Mai 'Yan Tsaki

A layinsu ba mai kiranta da sunan yanka. Mai 'Yan Tsaki ake ce mata, har 'ya'yan cikinta in tsokana ta motsa. Tun tana amarya ta fara kiwo a ɗan ɗakin bayan kicin, da kwali da fitilar ƙwai, kuma da wannan kiwon ta ɗauki nauyin karatun yaranta. Ba ta taɓa mallakar ma'aunin zafi ba. Hannu take zurawa cikin akurki, ta juya bayansa, ta ce, "Sun ji sanyi," ko kuma, "A ɗaga fitilar nan kada ta dafa min su." Magana kuwa, sai ka yini da ita ba ka ji muryarta ba.

Mijinta direban babbar mota ne, ƙato mai murya, wanda in ya yi dariya a tsakar gida sai kaji su watse. Wannan ƙaton ne ciwon zuciya ya kayar. Aka tsaga ƙirjin, aka gyara hanyoyin jini, aka ɗinke. To ga ciwon suga, sai ƙasan ɗinkin ya ƙi kamewa, kullum yana tsattsafo da ruwa. Likita bai ɓoye musu ba: in bai bushe ba sai an sake buɗewa, kuma ba lallai jikin ya ɗauki karo na biyu ba.

Ranar sallama daga asibiti nas ta miƙa mata wani ɗan faifai mai laushi, mai waya, wanda ake jonawa da lantarki ya yi ɗumi.

"Mama, a kan bandeji za ki ɗora, ba a kan fata ba. Sanyi yana tsuke ƙananan jijiyoyi, ɗumi yana buɗe su jini ya isa wurin. Amma ɗumi fa na ce, ba zafi ba. Fatar gefen ɗinkin ba ta ji yanzu, ko ƙonewa take yi ba zai sani ba."

"Na gane, 'yar nan. Kamar ɗan tsakon da aka ƙyanƙyashe yau."

Nas ta yi dariya. Ita ko murmushi ba ta yi ba, don ba wasa take ba.

Haka ta kama aikin. Ta wanke hannu har gwiwa, ta kashe fanka, ta gwada faifan a wuyan hannunta, sannan ta ɗora. Direba ya yi ta ƙorafi. "Wannan ai abin wasan yara ne! Ni ban ji komai ba. Ƙara masa wuta mana!"

"Malam, kwanta," shi ne iyakar amsarta.

Sai ga Yaya. Ita ce babbar yayarsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yau da furfurarsa "yaron nan" take ce masa. Mai 'Yan Tsaki ba ta taɓa haɗa ido da ita ba, balle musu. Yaya ba muguwa ba ce, wallahi, son ƙaninta ne ya yi mata yawa. Ta ji an ce ɗumi magani ne, sai ta yi nata lissafin: in ɗumi na aiki, ai zafi ya fi shi sauri. Ba ta tambayi kowa ba ta shige kicin, ta fito da baho yana tururi, da tawul a kafaɗa.

"Matsa, ƙanwata. Kin zauna kina lallaɓa shi sai ka ce kaza. Yau zan gasa wurin nan, gobe ki ga ya kame."

"Yauwa, Yaya!" in ji Direba, har yana ɓalle maɓallin riga. Kai, maza ke nan!

Mai 'Yan Tsaki ta dubi tururin bahon. Tsoro ya kama ta, tsoron Yaya da tsoron ɗakin tiyata, ta rasa wanda ya fi. Ta ce, "Yaya, nas ta ce..."

"Nas ce ta raine shi ko ni?"

Yaya ta tsoma tawul, ta ɗago shi da bakin yatsu tana yarfe hannu, ta matse sama-sama, ta nufi gado. Mai 'Yan Tsaki ta durƙusa a gabanta, ta miƙa hannu biyu. "Kawo in taya ki, Yaya." Yaya ta ba ta, ta ɗauka ladabi ne. Sai baiwar Allah ta naɗe hannun rigarta, ta shimfiɗa tawul ɗin a kan damtsenta, ta danne.

Ba ta yi ihu ba. Hawaye ne kawai suka zubo. Direba ya daka tsawa, "Ke! Cire mana!" Ba ta cire ba sai da Yaya da kanta ta fizge. Fatar ta yi jawur, nan take ta fara tashi.

"Yaya, ki gafarce ni," ta ce. "Ni na ji, ina da bakin cewa wayyo. Ƙirjinsa ba zai ji ba, sai dai mu tarar ya dahu."

Yaya ta dubi hannun, ta dubi bandejin ƙaninta, sai ta zauna daɓas a bakin gado. Yayar ce kuma ta ja Mai 'Yan Tsaki zuwa famfo, ta riƙe hannun a ƙarƙashin ruwan sanyi, tana kuka tana faɗa: "Mahaukaciya kawai! Ba ki da baki ne?" Daga ranar, in za a ɗora faifan, Yaya ce mai kashe fanka da korar masu dubiya.

Ɗinkin ya kame a hankali, ba a sake buɗe shi ba. Da nas ta cire bandejin ƙarshe, tabon siriri ne kamar zare. Na damtsen Mai 'Yan Tsaki kuwa ya kai faɗin tafin hannu, kuma bai baje ba har yau.

Yanzu in abokansa direbobi suka zo suka ce, "To, nuna mana inda aka tsaga ka," sai ya ƙi ɓalle riga. Ya ƙwala mata kira daga wurin kaji, ta fito tana jin kunya, ya kama hannunta ya ɗaga.

"Nawa likita ne ya yi, ina barci," yake cewa. "Ku dubi wannan. Ita idonta biyu."