Kowa Ya Zo Da Faranti

Shekara talatin da ɗaya Anti Wilma Penhale ta yi tana rubuta shafi na huɗu na jaridar garinmu, Kurrawin. Jaridar dai suna ta tara. Takardu ne 'yan kaɗan da muke bugawa a laburaren gari, mu ninke, mu ajiye a shagon burodi da gidan mai kowace Alhamis. Amma ko manomin da ba ya karanta komai sai hasashen ruwan sama, in ya ɗauka yakan buɗe shafi na huɗu.

Sunan shafin "Na Wannan Makon", kuma abu huɗu ne a ciki, ba ya wuce haka: girki ɗaya, littafi ɗaya, shawara ɗaya ta lafiyar jiki, dabara ɗaya ta gida. Ita ce ta shafe shekaru tana yi wa masu tuƙa tarakta naci su riƙa sa hula mai faɗi, "domin kunne ma fata ne". Ita ce ta koya wa rabin garin zazzage takalmi kafin a sa ƙafa, saboda gizo-gizo. Mahaifiyata har yau da miyar kabewar Anti Wilma take auna ta kowa.

Ba 'yar'uwarmu ba ce ta jini. Duk wanda ya tashi a Kurrawin Anti yake ce mata. Ba a nan aka haife ta ba ma. Daga ƙasar Holan ta zo tana da shekara ashirin da biyu, ta auri Keith Penhale, manomin alkama da tumaki. Watanta na farko aka yi liyafar gama girbi a zauren gari, sanarwa ta ce kowa ya zo da faranti. Mu nan ko yaro ya san abin da ake nufi: ka zo da abinci a farantin, a haɗa a ci tare. Ita kuwa ta ɗauka zauren ne ba shi da isassun kwanuka. Ta zaɓi mafi kyau a kayanta, wani fari mai shuɗin baki da mahaifiyarta ta ba ta, ta naɗe shi a tawul, ta kai shi babu komai a ciki.

Ita da kanta take ba da labarin a shafinta kowace shekara, mako ɗaya kafin liyafar, saboda baƙin da suka zo aiki garin. Takan ce daga wannan kunyar ce ta fara rubutu, don kada wani ya sake tsayawa a bakin zaure da farantin wofi a hannu.

Ni na dawo gida daga jami'a a birnin Adelaide shekara biyu da suka wuce, na sami aiki a laburare. Buga jaridar yana cikin aikina. Ranar Talata ƙarfe goma Anti Wilma take shigowa da rubutunta a bayan tsohuwar ambulan, don a ganinta sayen takarda almubazzaranci ne. Yawanci ƙawarta Maxine Kowald ce ke kawo ta a mota, suna shigowa suna faɗa.

"Bridie, duba mini, wai yau ma kabewa ce?" in ji Maxine. "Tsohuwar nan sai ta mai da mu ruwan ɗorawa gaba ɗaya."

"Ke da ba ki iya dafa ƙwai ba, me ya dame ki da abin da ke shafina?"

"Na iya cin na mutane, ai shi ma aiki ne."

Ni dai murmushi nake yi in karɓi ambulan. Ban iya shiga irin wannan zancen ba. Anti Wilma takan dube ni ta saman tabarau ta ce, "'Yar nan, ki buga yadda na rubuta. Waƙafi ɗaya kada ki taɓa."

A watan Mayun bara, lokacin da sanyi ke shigowa a ƙasarmu, ta kawo miyar kabewa babu kabewa. Albasa tana nan, man shanu yana nan, ruwa da gishiri, amma kabewar ba ta cikin lissafi. Na ce mantuwa ce irin ta kowa. Na ɗauko tsofaffin jaridun da aka ɗinke a kanta, na nemo miyar a wata shekara, na cike gurbin. Ban gaya mata ba.

Bayan mako biyu ta ba da shawarar littafi guda sau uku a jere, kowane mako kamar yanzu ta gama shi. Sai kek ɗin lemon tsami da kofi biyu na gishiri. A watan Agusta, a gurbin dabarar gida, ta rubuta cewa in rigar ulu ta ƙi bushewa, a sa ta a tanda a rufe. Na daɗe ina kallon layin. Sannan na goge, na sa wata tsohuwar dabararta ta goge tagogi da ruwan tsami.

Abin da ya sa nake yin haka, ɗanta ne, Lindsay. Shi kaɗai ta haifa, yana Adelaide, tafiyar awa huɗu daga nan. Tun rasuwar Keith shekara tara da suka wuce take zaune ita kaɗai a gidan gona, kuma duk garin ya san yarjejeniyarsu: ranar da ta kasa riƙe kanta, zai ɗauke ta ya kai ta gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Ita kuma amsarta ɗaya ce, sai dai a fitar da gawarta daga gidan Keith.

Ana aika wa Lindsay jaridar duk mako. Wata rana ya kira laburare.

"Bridie, ke kike ganin Mama duk Talata. Yaya kike ganinta?"

"Tana zuwa," na ce.

"A waya wani lokaci sai in ji kamar ba ita ba. Amma da na buɗe shafin nan sai hankalina ya kwanta. Wadda kanta ya taɓu ai ba za ta rubuta wannan ba, ko?"

 Na ce shafin yana da kyau. Ba ƙarya na yi ba, amma da na ajiye wayar sai da na shiga bayan kantar littattafan yara na zauna.

In na faɗa, za a raba ta da gidanta, da bishiyar lemonta, da kabarin mijinta da take zuwa duk Lahadi. In na yi shiru, akwai tanda, akwai rigar ulu, kuma gidan da ya fi kusa da nata kilomita shida ne. A jami'a an koya mini yadda ake tsara littattafai dubu goma kowa ya sami nasa, ba a koya mini wannan ba. Sau biyu na buɗe baki zan gaya wa Maxine, sau biyu na ƙare da tambayarta lafiyar gwiwarta.

Sau ɗaya na gwada ita Anti Wilma. Na nuna mata ambulan na ce, a hankali, "Anti, nan gishiri kike nufi ko sukari?"

Ta duba, ta daɗe tana dubawa. Wuyanta ya yi ja.

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ke ce, Anti."

"To ki buga yadda na rubuta," ta ce, amma muryar ba ta da ƙarfin da. Da za ta fita ta tsaya a ƙofa tana lalube a jaka, ta juyo. "Kina da kirki, 'yar nan. Kada ki gaya wa Lindsay na yi kuskuren sukari. Yaron nan komai sai ya mai da shi babba."

Daga nan ban sake tambaya ba. Zuwa watan Nuwamba, abin da ke zuwa a ambulan bai fi layi biyar ba, wani lokaci da kalmomin Holanci a tsakani. Sauran ni nake haɗawa daga shekarun baya, ina kwaikwayon muryarta. Mutane suna tare ta a shagon burodi suna yaba mata, tana godiya. Labarin farantin ma bara ba ta kawo ba. Ni na ɗauko na wata shekara na buga.

Aka gama girbi a Disamba, aka sa liyafa ranar Asabar da la'asar. Zafi ake yi sosai, an buɗe duk ƙofofin zauren, ƙudaje suna bin tebur. Lindsay ya taso daga Adelaide, ya ce zai same ta a can. Mijin Maxine ne ya ɗauko ta, don ita Maxine tun rana tana wurin jera abinci. Ni aka ba ni aikin shayi.

Anti Wilma ta shigo cikin rigarta mai furanni, gashi a gyare, ta rungumo abu a naɗe cikin tawul. Shekara hamsin kek ɗin tuffa take kawowa, har akwai gurbin da ake bar masa a tsakiyar tebur.

"Ga sarauniya ta iso," in ji Maxine. "Kawo nan, tun ɗazu maza ke tambaya."

Anti Wilma ta ajiye, ta warware tawul a hankali. Farin faranti ne mai shuɗin baki, an goge shi yana ƙyalli. Babu komai a ciki.

Wani daga baya ya yi dariya, ya ɗauka wasa take yi da tsohon labarinta. Maxine ma ta fara: "Ke tsohuwa, a hanya kika cinye?" Sai ta dubi fuskar Anti Wilma.

Anti Wilma tana kallon teburin, da naman rago, da salak, da kek iri-iri, kowane a farantinsa. Ta dubi nata.

"An ce a zo da faranti," ta ce. Harshenta ya koma irin na sabuwar zuwa, wanda ban taɓa ji a bakinta ba. "Na kawo mai kyau. Na mamata ne. Ba wanda ya gaya mini." Ta waiga. "Ina Keith? Shi ma bai gaya mini ba."

Maxine ce ta motsa. Ta ja farantin, ta kwashe rabin ƙananan burodin da ta saya a shago ta jera a kai, ta tura shi gurbin tsakiya. "Daidai kika yi," ta ce. "Dama faranti nake nema, nawa duk sun yi muni. Zo ki zauna, ƙafata ciwo take." Ta riƙe ta har kujera.

Lindsay yana tsaye a bakin ƙofa da hularsa a hannu. Bai dubi mahaifiyarsa ba. Ni ya duba.

Ya same ni a waje wurin tankin ruwa, ina wanke kofunan da ba su yi datti ba.

"Tun yaushe?"

"Mayu."

"Shafin makon jiya, nawa ne nata a ciki?"

"Sunan littafin."

Ya gyaɗa kai. Na jira ya yi mini faɗa, na ma so ya yi. Sai ya ce, "Na yi ta karantawa ina cewa Mama tana nan." Ya mayar da hularsa ya koma ciki.

A Janairu ya zo da motar kaya. Anti Wilma ba ta yi gardama ba, a zatonta ziyara za ta je. Maxine ba ta fito ba ranar, ta ce gwiwa.

Na je ganinta sau ɗaya, a watan Maris. Ɗakin yana da tsabta, tagarsa tana kallon wurin ajiye motoci. Farantin yana kan ɗan tebur, an sa mata maɓallai da tabarau a ciki. Ba ta kira sunana ba, amma tana ganina ta ce, "Yau Talata?" Na ce e, ko da yake Asabar ce. Ta lalubo ambulan a ƙarƙashin matashi ta miƙo mini. Ta rubuta ɗaya, biyu, uku, huɗu a jere, kowace lamba da ɗigonta. Gaban lambobin babu komai.

"Waƙafi ɗaya kada ki taɓa," ta ce.

Shafi na huɗu yanzu sakamakon wasan ƙwallo ne da yawan ruwan da aka samu. Maxine ta ce in karɓa in ci gaba, tunda dai ni nake yi tun da. Na ce zan yi tunani. Ambulan tana cikin aljihun teburina. Ranar Talata wajen ƙarfe goma nakan ga ina duban ƙofa, sai in tashi in je in gyara littattafan da ba su karkace ba.