Fuskar da ke Cikin Randa

Ranar da na ga saƙon a wayar 'yata Balkisu, abin da ya fara zo mini shi ne in maka wayar da ƙasa. Shekarunta goma sha uku, kuma don aikin makaranta na saya mata ita. Sai ga wata wai ita Zara daga Kano, wadda babu wanda ya san ta a danginmu, tana rubuto mata cewa, "Turo mini hotonki ba mayafi, amma kar Mamanki ta gani." Ni kuwa duk layinmu a unguwar Sabo ta Ibadan an san ni da saurin hannu, yaran shagon ɗinkina ma shaida ne. Har na ɗaga wayar sama. Abin da ya tsayar da ni, muryar wata tsohuwa ce da ta rasu tun kafin a haifi Balkisu.

Iya Tabawa ke nan, mahaifiyar babana. Gidanmu gidan saukar baƙi ne, fataken goro daga Arewa suna sauka wurin kakanmu, ita kuma ke tuƙa musu tuwo a wata ƙatuwar tukunya da mu uku za mu iya ɓuya a ciki. Idan an kwashe tuwo bayan magariba, ba ta kashe wutar. Sai ta tura doya cikin garwashi, ta ja kujerarta ƙarƙashin rumfar kwano, mu jikoki mu kewaye ta. Ibadan kuwa ba ta gajiya da ruwan sama. Yayyafi na sauka a kan kwano a hankali, hayaƙi na tashi yana garwayuwa da ƙanshin ɗanyen ganyen da ake naɗe goro, daga zaure kuma muna jiyo muryoyin baƙi ƙasa-ƙasa suna zancen hanya. Har yau in na rufe ido ina ganin inuwarta a jikin bango, kanta ya kusa taɓa rufi, alhali ita ɗin 'yar mitsitsiya ce.

A gidan nan akwai ƙa'ida ɗaya da ba a ƙetare ta. Duk baƙon da ya zo, a zaure zai tsaya. Kakanmu zai ba shi ruwa, ya tambaye shi garinsu, da sunan ubansa, da wanda ya turo shi. Sai an san tushensa sannan a nuna masa ɗaki. Mu yara mun ɗauka surutun tsofaffi ne kawai.

Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda kowa ke buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta nan, ta biyo motar goro."

Mu ce, "Ta sauka a gidanmu!"

"To, kun tambaye ta garinsu?" Sai ta yi dariya, haƙoranta jajaye da goro, ta zungure ni da ƙafa. "Ke ƙawata, rufe bakin nan, kar sauro ya yi gida."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta Tasalla. Wata yarinya ce, in ji Iya, uwarta mai sayar da fura, daga asuba tana kan turmi har rana ta faɗi. Ba ta ƙin 'yarta, ci da sutura ba abin da ta rage ta da shi, sai dai ba ta da lokacin sauraronta. Wata rana Tasalla ta je ɗiban ruwa a randar bayan ɗaki, ta leƙa, maimakon fuskarta sai ta ga fuskar wata yarinya tsararta tana mata murmushi. Fuskar ta ce, "Yaya kika wuni?" Tasalla ta tsaya da moɗa a hannu, domin ba a taɓa yi mata wannan tambayar ba.

Daga nan kullum tana bakin randa. Fuskar tana nuna mata garuruwan da ke ƙarƙashin ruwa, inda fitilu ba sa mutuwa, kifaye na yawo da awarwaro, 'yan mata na kitso da zaren azurfa. A nan Iya takan rage murya ta ja maganar, mu kuma mu zuba wa garwashi ido har mu ga garuruwan a ciki. Da farko fuskar ba ta roƙi komai ba. Sai da sabo ya yi sabo ta ce a ba ta silin gashi ɗaya. Bayan kwana biyu ta ce a ba ta ɗankunne. Sannan ta ce, "Kar ki gaya wa uwarki, ba za ta gane ba. In kuma ta raba mu, ki same ni a kogi."

Ranar da uwar ta kama ta tana magana da ruwa, ba ta tambayi komai ba. Ta ɗauki taɓarya ta fasa randar, ta zane yarinyar, ta koma kan turminta tana cewa ta yi maganin abin. Da gari ya waye babu Tasalla. Sawunta kawai aka gani ya gangara kogi.

Nan tatsuniyar take ƙarewa, Iya ta ce ta koma motar da ta kawo ta. Mu kuwa sai gardama ta kaure. Yayana Sani ya ce Tasalla ce wawuya, ni na ce ai ta ji maganar dodo ne. Iya tana ɓare doya da yatsunta kamar ba zafi, ta ce, "Uwar fa? Ta fasa randa, ko leƙawa ba ta yi ba. Baƙo ya kwana a gidanta wata da watanni, ba ta ce a kawo shi zaure ba. Da ta ce, 'Kira mini ƙawar taki mu gaisa,' da ta ga abin mamaki. Irin wannan abin ba ya jure fuska biyu a kan ruwa."

Ban gane ba a lokacin, doyar nake jira. Na girma ina ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga yara masu taurin kai. Sai da na tsaya a tsakar ɗakina da wayar Balkisu a sama na gane cewa da iyaye Iya take, ta dai bi ta kanmu ne saboda mu za mu zama iyayen. Mun bai wa 'ya'yanmu abin da baƙo ke shigowa ta cikinsa har kan gado ba tare da ya bi ta zaure ba. Muna tambayar su ko sun ci abinci, ko sun yi salla, ko sun je Islamiyya, amma wanda suke hira da shi a tafin hannunsu ba mu san garinsu ba. In kuma muka ƙwace wayar, akwai ta ƙawa a makaranta, akwai ta maƙwabta, kuma daga ranar yaron ya daina gaya mana komai.

Na ajiye wayar inda na gan ta. Wallahi ban taɓa yin abin da ya fi wannan wuya ba. Da Balkisu ta dawo daga Islamiyya na zuba mana amala, tuwon garin doya, a kwano ɗaya, abin da na daɗe ban yi ba, na ce, "Na ga kin yi sabuwar ƙawa."

Lomar ta tsaya mata a hannu. Ta dubi hannuna, ba fuskata ba, kuma wannan ya yi mini ciwo.

Na ce, "Ba dukan ki zan yi ba, 'yar nan. A gidanmu baƙo gaishe shi ake yi. Oya, maza kira ta ta bidiyo mu gaisa, in ji 'yar gidan wa ce a Kano."

Ta kira. Ba a ɗauka ba. Saƙo ya shigo cewa kyamara ta lalace. Na ce to a yi ta murya. Aka ce maƙogwaro na ciwo. Balkisu da kanta ta rubuta, "Mamana ce ke son ku gaisa." Muna zaune kafaɗa da kafaɗa, fuskokinmu biyu a kan gilashin, muna kallo hoton Zara ya ɓace. Ta toshe Balkisu, ko sallama babu.

Na ɗauka za ta ji sanyi a ranta. Sai ta fashe da kuka, irin kukan rashin mutum, ta ce, "Mama, ita kaɗai ke tambaya ta yaya na wuni." Na jawo ta jikina, na bar ta ta yi kukanta, ina jin ƙanshin man kitson da ban san wa ya shafa mata ba. Daga baya muka bi wayar tare, ta nuna mini duk inda take shiga, abubuwan da ko sunansu ban sani ba. Na roƙe ta abu ɗaya, duk wanda ya ce kar Mama ta sani, shi ne na farkon da Mama za ta sani.

Ta gyaɗa kai, ta share hanci da bakin hijabinta. Har na tashi zan kwashe kwano ta riƙo zanena.

Ta ce, "Mama, Zara ta ce ta zo Ibadan wurin ƙanin babanta. Jibi da yamma za mu haɗu a ƙarƙashin gadar Mokola. Ta ce in zo ni kaɗai."

Na bar kwanon, na zauna a ƙasa inda nake.