Mahauci da Gwajin Ɗan Yatsa

Mahaucin unguwar ya tsufa da wuƙa a hannu, amma allura ba ta taɓa shiga jikinsa ba. Da yawan ƙishirwa ya dame shi, 'yarsa ta ja shi asibiti. Ya naɗe hannun riga yana cika baki.

"Baba, ɗan yatsa kawai nake so," in ji nas.

Ta tsira masa allura, ta ɗiga jinin a tsinken gwaji. Kafin na'urar ta nuna sukarinsa ya hau, Baba ya sulale ƙasa.

Yanzu ya rage shan zaƙi, kuma da bakinsa yake ba masu sayen nama labarin: "Da na farfaɗo, cewa na yi santsi ne ya kwashe ni. Alhali a zaune nake."