Inabin Jamus a Bayan Gidana

Abubuwa da yawa sun wuce a rayuwata waɗanda yanzu sai an tuna mini su, amma ranar sunan jikana na fari, da abin da jarka ta yi mini a gaban liman, ba zan manta ba har in koma ga Allah. Bari in faɗe shi daki-daki, don ba na son labari a hargitse.

Farkon abin daga ƙanena ne. Ya karanci aikin gona, aka ɗauke shi koyon aiki a ƙasar Jamus, aka ajiye shi a wata gonar inabi da ke gangaren tudu a bakin kogi. Da ya dawo ƙauyenmu na wajen Makoɗa, tsarabar da ya kawo mini 'yan rassa ne a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ya ce iri biyu ne, fari da ja. Farin sunansa Risilin, na jan kuwa ya gagari harshena, na bar shi a ja. Ya ce a can komai da ƙa'idarsa. Ruwan farin da kifi ko kaza ake shan sa, ruwan jan sai da jan nama, kuma suna ajiye shi shekara da shekaru yana daɗa daɗi. Ni mutum ne mai son tsari, sai maganar ta shige ni. Na ce, "Ashe akwai mutanen da suka san abin da ya kamata ya bi wani." Ya sunkuyar da kai. A lokacin na ɗauka ladabi ne.

Mu nan gona jingine take da gona, ba fili, don haka na dasa su a bayan gida kusa da rijiya, na yi musu rumfa. Na yi faɗa da gara, na yi faɗa da awakin maƙwabta. Farin ya sha wuya a zafinmu, ƙwayoyinsa ƙanana masu tsami. Jan kuwa ya yarda da ƙasar. Bazarar da suka fara 'ya'ya sosai ta zo daidai da lokacin da 'yata ta yi haihuwar fari, ta dawo gabanmu wankan gida.

Nan na yanke shawara: ranar suna ba lemon kwalba. Za a ba dattawa farfesun kifi da ruwan farin inabi, sannan naman rago da ruwan ja, bi da bi kamar yadda na ji. Tsuntsaye sun riga sun fara yi mini ɓarna, sai na tsinke inabin tun ranar suna tana da sauran kwanaki. Aka kirɓa shi a turmi, aka tace, na zuba a jarka biyu, na ɗaure bakinsu tam, na jingine su a kusurwar zaure.

Maiɗakina ta ce, "Malam, ko zoɓo fa ba ya kwana biyu a wannan zafin."

Na ce, "Zoɓo daban, wannan na Jamus ne. A can shekaru yake yi."

Ta ce, "To, Allah ya sa jarkar ta san daga Jamus yake."

Daga nan zama ya gagare ni. Washegari na ga jarkar jan ta ɗan kumbura. Bayan kwana biyu ta yi ciki kamar akuya mai shirin haihuwa, idan na kasa kunne sai in ji tana huci a hankali. Na ƙara ɗaure murfin kowacce da roba. In fita gona, in dawo in duba. In tafi masallaci, in dawo in duba. Na kira ƙanena a waya, yana can wajen aikinsa a Kano, layin ya ƙi shiga. Zuciyata tana gaya mini akwai matsala, ni kuma ina gaya mata ai haka tsarin yake.

Ranar suna da hantsi, bayan an yi addu'a an yanka rago, liman da dattawan unguwa suka zauna a zaurena. Aka kawo kifi. Na jawo jarkar farin, na kwance robar. Murfin ya ƙwace daga hannuna ya bugi rufin kwano, kumfa ta yi tsiri ta jiƙa tabarma har gefen rigar liman. Sai wani wari ya cika zauren.

Wani tsoho da ya yi shekaru yana tuƙa babbar mota zuwa kudu ya shaƙi iskar, ya ce, "Wannan warin na san shi, amma ban taɓa jin sa a gidan mai salla ba."

Ni ne mai kiran salla idan ladan ba ya nan, ni ne mai tsawata wa samarin unguwa. Na san kafin la'asar labari zai kai kasuwa cewa ina haɗa giya a zaure. Maƙwabcina, wanda awakinsa suka sha kora a hannuna, har ya fara cewa a kawo gatari a sare itacen.

Ana cikin haka ƙanena ya sauka daga babur. Tun daga bakin ƙofa ya tsaya cak. Ya ce, "Yaya, ka dai ce ba ka sha ba."

Na ce, "Ban sha ba. Mene ne wannan?"

Ya durƙusa. "Giya ce, Yaya. Gonar da na zauna, sana'arsu ke nan. Ni aikin itacen na koya, ban taɓa kai ta bakina ba. Nauyin faɗa maka na ji. Ban san matsewa za ka yi ba."

Liman ya share kumfar daga rigarsa, ya dube ni. Ya tambaye ni ko na sha, na ce a'a. Ko na shayar da wani, na ce a'a. Ko na yi nufin abin da ya fito, na rantse ban yi ba. Ya ce, "To a zubar, a wanke jarkokin da tabarmar. Gatari kuma a bar shi inda yake. Da dawa ake burkutu, ban ga wanda ya daina shuka dawa a garin nan ba."

Ni da hannuna na tona rami a bayan gida na juye su duka biyun, dattawa suna kallo. Da muka dawo, tsohon direban ya ce, "To Malam, a ƙa'idar Jamus, kifin nan da me za mu kora shi yanzu?" Kafin in buɗe baki sai ga tulun zoɓo mai sanyi an turo daga cikin gida. Ashe maiɗakina tun da asuba ta haɗa abinta ba ta gaya wa kowa ba.

Itacen yana nan har yau. Muna cin inabin ɗanye, abin da ya rage mu shanya shi a rana. Abin da na koya kuwa shi ne, idan an kawo maka al'adar wata ƙasa, kada tsarinta ya burge ka ka ɗauka da rabin bayani. Ka tambayi me suke yi da abin, ka tambayi don me, kuma ka saki fuska yadda mai ba ka amsa ba zai ji tsoron faɗa maka sauran ba.