Waken Iri Mai Jan Magani

Shekarun baya, ina sabuwar ma'aikaciya a wani furoje na taimakon mata a Tasawa, ba abin da na tsana kamar kadar lojik. Ga wanda bai san aikin furoje ba, wani tsari ne da ake zanawa a allo kafin a fara aiki: akwatuna a jere, kowanne da kibiya tana nuna na gaba. Ga abin da ke hannunmu, ga abin da za mu yi da shi, ga abin da zai fito, ga canjin da muke fatan gani a rayuwar mutane. Ni a lokacin gani nake zaman kashe wando ne kawai. Na fi son a ba ni mota in shiga ƙauye, in dawo buɗu-buɗu, kowa ya san na yi aiki.

Na shekarar nan ni aka sa na zana, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Za mu ba matan da mazansu suka rasu, da waɗanda nasu suka tafi ci-rani suka yi shiru, irin wake mai saurin nuna. Su shuka a gamana, wato ƴar gonar da mace ke nomawa don kanta. Su girbe, su ci, su kai saura kasuwar Urafane, yara su zauna lakkol, wato makaranta, da cikinsu cike. Irin ya zo an riga an cuɗe shi da wani jan magani don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa. Muka raba shi a ƙauyukan Hawandawaki tun da sauran bazara, muka yi ta nanatawa cewa maganin nan guba ne, waken ba na tukunya ba ne. Matan suka ce sun ji. Na dawo biro, ofishinmu, ina jin kaina.

Sai ruwa ya ƙi sauka. Hadari ya haɗu, iska ta watsa shi, gobe ma haka.

Shef ɗinmu, shugaban furojen, wani dattijo ne daga wajen Mayahi, marar yawan magana. Yana da wata ɗabi'a da ke ba mu haushi: duk taron wata sai ya tsaya gaban allo, ya bar akwatunan da muka sha wahalar cikawa, ya ɗora yatsa kan kibiya ya yi ta tambaya. A bayan idonsa Mai Kibiya muke ce masa. Ran nan ya ɗora yatsan tsakanin "an raba iri" da "an shuka", ya waiwayo ya dube ni.

"Madam, mi ke tsakanin nan da nan?"

Na ce, "Ruwan sama, shef."

"Ya zo?"

"Bai zo ba tukuna."

"To irin yana ina yanzu?"

"Yana ɗakunansu mana."

"Rumbunansu hwa? Mi ke ciki?"

Ai don rumbunansu ba komai muka zaɓe su. Ni da kaina na bi gida-gida na leƙa. Wato mun ɗauki wake mai guba mun ajiye a ɗakin mace mai yara da yunwa, muka ce ta zauna ta jira hadari.

Muka gwada kiran masu gari, ba rezo, waya ta ƙi shiga. Shef ya ce shofer ya fito da mota. Hanyar nan rairayi ce zalla, mota na tafiya kamar ana jan ta da igiya, ni kuwa ji nake kamar in sauka in ruga da ƙafa. Duk tsawon tafiyar mace ɗaya ce a raina, wata da mijinta ya rasu bara ya bar ta da ƙananan yara uku, wadda na san ko kaza ba ta da ita. Addu'a nake ina haɗa farko da ƙarshe. Har na riƙa tsara yadda zan ajiye aiki in koma gidanmu, kamar ajiye aikina zai tayar da wani.

Da muka isa ƙauyen su matar rana ta karkata. Shef ya nufi wurin mai gari don a tara mata a karɓe irin, ni kuwa na miƙe gidanta. Tun daga ƙofa na ga inda aka zubar da ruwa, yashin wurin ya yi ja. Na shiga ko sallama ban yi daidai ba. Tukunya na kan murhu a rufe, wuta ta mutu, yaran na zaune gindin danga sun zuba mata ido. Uwar tana gefe kan tabarma, ta miƙe ƙafa.

Na ce, "Yaya, kin dafa waken?"

Ta ce, "Na dahwa."

"Yaran sun ci?"

"Ba su ci ba."

Na sauke wata ajiyar zuciya, sai kuma faɗa ya zo mini, irin na wanda ya tsorata. "Haba Yaya! Ba ki ji abin da muka ce ba? Guba ce fa!"

Ta dube ni ba tare da jin haushi ba. "Na jiya, Madam. Na wanke shi da toka har ruwan ya yi hwari, amma ban yarda da shi ba. Shi ya sa ni na ci tukuna. In na kai la'asar lahiya lau, sai in zuba musu."

Ban san lokacin da na ɗauke tukunyar da zafinta ba. Da ƙyar ta yarda ta bi mu likita, wato asibiti, tana ta cewa ita ba ta jin komai, mun tayar da hankalinmu a banza. Wata maƙwabciya ta karɓi yaran. Ba mu yi nisa da gari ba amai ya fara, gumi ya jiƙe ta, na rungume ta a bayan mota ina kuka kamar ni ce marar lafiyar. Allah Ya yi da sauran kwananta. Ta ɗan kwanta likita, ta warke, ta koma gida.

Irin aka tattara aka ajiye wurin mai gari har ruwa ya sauka. Daga shekarar muka gyara tsarin: ba mu sake ba mace iri ba sai tare da hatsin da zai kai ta shuka.

Yanzu ni ke koya wa sababbin ma'aikata kadar lojik, kuma na san akwai sunan da suke kira na da shi a bayan idona. Ba ni damuwa. Ina gaya musu akwati ba ya wahalar cikawa, kowa ya iya rubuta fatansa. A cikin kibiyar nan siririya mutane ke zaune suna jira, kuma mai jira sai ya ci abinci.

Abin ya wuce da daɗewa, amma wuri ɗaya har yau in na tuna gabana sai ya faɗi. Muna ɗora ta a mota ladan ya kira la'asar, ita kuwa lokacin lafiyarta lau.