Mai Ƙararrawa a Masauki

A kasuwar Suk al-Arabi na gan shi, cikin tarkacen wani mai gyaran rediyo: tsohon kaset na gem, wasan da ake bugawa a talabijin, hoton jikinsa duk ya koɗe. Ban san lokacin da na ɗauka na hura bakinsa ba, yadda muke yi da can idan ya ƙi tashi. Warin ƙura da tsohuwar roba ya bugi hancina, sai ga ni a gidanmu na Omdurman, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Akwai laifin da na yi a wannan gida wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba sai kwanan nan, shi nake so ka ji.

Hutun zafi ne. Kawuna ya dawo daga aiki a ƙasar waje da akwatin wasa, ya bar mini aro har a koma makaranta. Kaset ɗaya ne ya kama ni, irin wanda kake jan mutane huɗu daga gari zuwa gari, kuna faɗa da dodanni a daji, kuna kwana a masauki. Rubutun cikinsa wasu ƙananan zane-zane ne da babu mai iya karantawa a unguwarmu. Ni dai dannawa nake yi.

Bayan la'asar, idan akwai wuta, sai in fitar da talabijin ƙarƙashin rumfa. An yayyafa wa tsakar gida ruwa, ƙasa tana ƙamshi, tulun ruwa yana ɗiga a kusurwa. Kakata tana zaune a gadonta na igiya, tana soya gahawa da citta a ɗan kasko. Idanunta sun yi rauni, launuka kawai take gani suna motsi, amma kunnenta ya fi na kowa.

"Angona, me wancan ya ce?"

"Ban sani ba, Kaka. Ba Larabci ba ne."

"Miji ba karatu. To cewa ya yi rijiyarsu ta ƙafe, ku wuce gaba."

Haka muka raba aiki, ni da tafiya, ita da magana. Duk wanda muka tarar a hanya sai ta sa masa zance a baki. Wannan mai gona ne yana neman masu tsinkar auduga, waccan bazawara ce mai rowar gishiri. Wani lokaci nakan ji kamar ba ni ke jan su ba, kamar muryarta ce ke tura su, rana tana sauka a bayan katanga, kiɗan wasan yana ta zagaye wuri ɗaya kamar ruwan Nilu a gindin gada.

A cikin mutanena huɗu akwai wani ɗan ƙarami mai sanda. Ba ya iya faɗa, bugu biyu ya faɗi. Amma akwai ƙararrawa a sandarsa, duk takun da ya yi sai ta yi ƙara. Ranar da Kaka ta fara jinta sai ta ajiye kaskon.

"Wannan ƙanena ne," in ji ta.

A hankali, yamma bayan yamma, na ji labarin. Tana yarinya suka taso daga yamma a ƙafa, za su Makka. Al'adar ayari ita ce idan mutum ya kwanta ciwo kowa ya sauke kaya, a nemi aikin gona a nan har ya tashi, ko da za a shekara. Shi ya sa tafiyar take cin rabin rayuwa. Amma nasu madugun yana tsoron damina ta tare hanya. Da zazzaɓi ya kama ƙanenta, sai aka bar shi hannun wata mata a wani ƙauye, da alkawarin za a ɗauke shi a dawowa. Uwarsu ta ɗaura masa 'yar ƙararrawa a ƙafa tun yana rarrafe, don kada ya ɓace a zango. Ba su kai Makka ba a wannan tafiyar, ba su kuma koma ba. Gonakin auduga na Jazira suka riƙe su, daga baya Omdurman.

Daga nan kullum sai ta tambaya: "Ya ci abinci? Ka saya masa takalmi?" Ni kuwa ina saya, ina jin haushi, domin shi ne ke ja mana baya a kowane faɗa.

Wata rana ta tafi gaisuwar rasuwa Bahri, a ƙetaren kogi. A cikin wasan na isa wani gari a bakin teku, na tarar da wani ƙato mai gatari yana so ya bi mu. Wasan ba ya karɓar fiye da mutum huɗu. Ba zan ce maka na yi dogon tunani ba. Na kai mai ƙararrawa masauki, na bar shi tsaye kusa da gado, na ɗauki ƙaton, muka hau jirgi. Na ajiye tafiyar a kan ta jiya, kuma wurin ajiya ɗaya ne tak a kaset ɗin, ta jiyan ta goge ke nan.

Washegari ta zauna, ta kasa kunne. Ko gahawar ba ta ɗora ba.

"Ina yake?"

"Yana nan. Cire ƙararrawar ya yi."

Ta taso da ƙyar, ta kawo fuskarta dab da gilashin har hasken ya cika mata ido, ta bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe a kan ƙaton.

"Angona, mayar da ni wurinsa."

Komawa na nufin jirgi, da hamada, da yammaci huɗu ko biyar na wasa, idan wuta ta yarda. Ga hutu yana ƙarewa. Na ce, "Kaka, bari mu gama da babban dodon tukuna. A dawowa sai mu ɗauke shi."

Ba ta yi faɗa ba. Ta gyara mayafinta, ta ce, "Haka madugu ya ce." Ta ja gadonta zuwa ɗaya gefen rumfar, inda ba a ganin talabijin.

Na ci gaba ni kaɗai. Mutanen garuruwa suka koma bebaye, bakinsu yana motsi, zane-zane suna fitowa, babu mai ce mini komai. Da ƙaton nan faɗa ya yi sauƙi, ba zan ɓoye ba, har na ji daɗinsa. Na shiga gidan babban dodon, ƙofa ta rufe a bayana, na ajiye tafiya a ciki ban san ba a fita ba. Na kashe shi wata ranar Alhamis. Aka yi kiɗa, aka nuna mutanena suna ɗaga hannu. Na juya in gaya mata, na ga tana jan carbi, ta ba ni baya.

Na so in sake daga farko. Na ma fara, na kai gari na biyu, sai aka buɗe makaranta, kawu ya zo ya ɗauki akwatinsa. Da sanyin shekarar Allah ya yi mata rasuwa. Ta ci gaba da kirana angonta har ƙarshe, tana ajiye mini ƙanzon tukunya, ni kuwa kunya ta hana ni cewa ta yafe mini. Allah ya jiƙanta, ni kuma ya yafe mini.

Yanzu 'yata ce ke irin wannan wasa a waya. Na yau sun fi kyau, ban musa ba. Ciyawa tana kaɗawa, mutane suna magana da bakinsu, har da Larabci, ba sa bukatar wata tsohuwa ta ara musu murya. Abokan tafiya kuwa ba a barin kowa, suna nan jere a gefe, ka kira wanda ka so. Nisa ma babu, ka taɓa sunan gari a taswira sai ka gan ka a can. Wani lokaci nakan ce sun yi sauƙi da yawa, wani lokaci in ce da irinsu muka samu da ban yi abin da na yi ba. Na san wannan neman mafaka ne kawai.

Makon jiya na ba ta labarin duka. Ta saurara, ba ta yi dariya ba, sai ta rufe wasan ta buɗe taswirar gaske.

"Yaba," in ji ta, wato Baba, "to mu nemo ƙauyen mana. Wataƙila jikokinsa suna nan. Me sunansa?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi zuwa. Kaka ta faɗa mini sunan, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, a ƙarƙashin rumfar nan. Ina jin muryarta tana faɗa, ina jin ƙamshin cittar, amma idona yana kan dodanni a lokacin. Duk waɗanda za a tambaya sun riga mu gidan gaskiya.

'Yata tana riƙe da wayar, yatsanta a kan wurin rubutu, tana jirana.