Ƙwaya Bakwai a Gindin Kwalba

Maigidana direba ne a wani kamfani a unguwar Ulaya da ke birnin Riyad, amma idan aka tambaye shi sana'arsa, da kakan kakansa yake farawa. Mutumin, in ji shi, iri yake sayarwa a wata kasuwar ƙauye a ƙasar Kano, tun kafin zuwan Turawa. Ba ya sayar da irin da bai gwada ba. Sai ya naɗe 'yan ƙwayoyi a jiƙaƙƙen tsumma, ya jira ya ga sun tsiro. Shekarar da fari ya sa mutane suka cinye har irin shukarsu, ya buɗe rumbunsa ya raba kyauta. Abin da ya roƙa kawai, duk wanda ya girbe ya ba wani.

Malam, maigidan nawa, irin kuɓewar gidansu ya zo da shi Riyad. A bokitan fenti yake shukawa, a saman gidan da muke haya a unguwar Badi'a. Idan ta bushe sai ya ɓare, ya ƙulla a takarda, ya raba wa ɗalibai da leburorin da ke aiki a garin Dir'iyya bayan sallar Juma'a.

Na taɓa tsokanarsa. "Malam, mutanen da ke kwana su shida a ɗaki, ina za su shuka?"

Ya ce, "Hajiya, ai za su koma gida."

Ya rasu a ƙarshen sanyi, bai yi shukar shekarar ba. Da na fita takaba, ƙanwata ta bugo waya ta ce ruwa ya sauka a gida. Ranar na hau sama na shuka kusan duk abin da ke kwalbar da yake ajiye irin. Shekarun da muka yi tare, ban taɓa lura da watan da yake shuka ba. Cikin mako guda zafin garin nan ya ƙone tsiron ƙurmus.

Ƙwaya bakwai suka rage a gindin kwalbar. In sun mutu, irin gidansu ya ƙare a hannuna.

Na jira sanyi ya zo ya wuce. Na yagi gefen tsohuwar rigarsa, na jiƙa, na naɗe su. Huɗu suka tsiro, na shuka su.

Bayan sun yi 'ya'ya sun bushe, wani ɗalibi ɗan Maraɗi ya yi sallama a ƙofa. Ya gama karatu zai tafi, ya ce Malam ya yi masa alkawarin iri. Na ƙulla masa rabi a takarda, na gaya masa in ya girbe ya ba wani.